Kaɗaici, Shiru da Iko a Ƙagaggun Labarai kan Ƴan Ci-rani: Steinbeck, Sembène da Kanafani

1. Shimfiɗa

Duk ɗalibin da aka miƙa wa ƙagaggen labari kan ƴan ci-rani aka ce ya fito da jigoginsa, abu uku yakan jera: wahala, kaɗaici da iko. Jerin ba shi da laifi. Illarsa ita ce yakan sa a ɗauki jigogin nan tamkar buhu uku da aka jingine a zaure ɗaya, kowanne da abin da ke cikinsa. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, a cikin littattafan da suka fi nauyi a wannan fanni, tsarin aikin da kansa ne ke haifar da kaɗaicin, kuma mai iko ne ke cin moriyarsa. Alamar da marubuta suka fi dogara da ita wajen bayyana haka ita ce shiru: wane ne ke da bakin magana, wane ne ake yi wa magana a madadinsa, wane ne kuma ke yin magana ba mai ji.

Za mu dubi ayyuka uku. Na farko shi ne Of Mice and Men na John Steinbeck (1937), wanda masu karatunmu suka fi sani da sunan fassararsa ta Faransanci, Des souris et des hommes. Na biyu gajeren labarin Sembène Ousmane ne, La Noire de..., da ya fito a cikin tarin Voltaïque a 1962, aka mai da shi fim a 1966. Na uku shi ne Rijal fi al-shams na Ghassan Kanafani (1963), wato Des hommes dans le soleil a Faransanci. Marubutan uku ba daga nesa suka hango abin ba. Steinbeck ya yi ƙwadago a gonakin kwarin Salinas yana saurayi, Sembène ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, Kanafani kuwa ya yi koyarwa a Kuwaiti yana ɗan gudun hijira kafin ya koma Beirut a 1960.

Kalmar ci-rani a asalinta tana nufin tafiyar da manomi ke yi bayan kaka ya dawo da faɗuwar ruwa. A nan mun faɗaɗa ta ne ta ƙunshi duk wanda ya bar gida don sayar da ƙarfinsa a wurin da ba a ɗauke shi ɗan gari ba. Akwai kuma wata fahimta ta Claude Meillassoux, a littafinsa Femmes, greniers et capitaux (1975), da za ta taimaka mana. A ganinsa, ribar da ake samu daga ɗan ci-rani ba a ƙarancin ladansa kaɗai take ba. Ƙauyensu ne ya haife shi, ya raine shi har ya yi ƙarfi, ƙauyen ne kuma zai karɓe shi in ya tsufa ko ya naƙasa. Mai aiki yana biyan kwanakin ƙarfin ne kawai. Ke nan hannuwa yake so, ba ya son mutum da iyalinsa da danginsa da kabarin kakanninsa. Abin da Meillassoux ya faɗa da lissafi, shi ne marubutan nan suka nuna da ɗakin kwana, da madafa, da tankin ruwa.

2. Gandun da ke kusa da Soledad

Labarin Steinbeck gajere ne, kwana huɗu kacal ya ɗauka, daga yammacin Alhamis zuwa Lahadi. George Milton da Lennie Small lebura ne biyu masu yawo daga gandu zuwa gandu a jihar Kaliforniya ta Amurka. George ƙaramin mutum ne mai wayo, Lennie ƙato ne mai ƙarfin gaske amma hankalinsa na yaro ne. Sun gudo daga wani gari mai suna Weed, inda son taɓa abu mai laushi ya jawo wa Lennie zargi, sun zo aikin ɗaukar buhunan sha'ir a wani gandu kusa da garin Soledad. Sunan garin a harshen Sifaniyanci ma'anarsa kaɗaici, kuma gari ne na gaske.

Mai nazari ya fara da ɗakin kwanan leburan. Gadaje takwas ne, a saman kowane an kafa akwatin katako da aka zubar da tufa daga cikinsa, shi ne ma'ajiyar duk abin da mutum ya mallaka. George ya tarar da gwangwanin maganin ƙwarƙwata da wanda ya riga shi kwana a gadon ya bari. Babu wanda ya zo da mata ko ɗa. Ladan wata dala 50 ne (dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwarmu ba), kuma yawancinsa yakan ƙare a gari ranar Asabar da dare, tsakanin mashaya da gidan karuwai, a dawo ran Litinin hannu wofi. Ko wasan karta da George ke yawan yi, irin wanda mutum ke yi shi kaɗai ne.

A cikin wannan tsari, abotar George da Lennie abin tuhuma ce. Da mai gandun ya ga George na amsa tambayoyi a madadin abokinsa, abin da ya fara zo masa a rai shi ne George na cin kuɗin Lennie, domin bai taɓa ganin lebura ya wahalar da kansa saboda wani ba. Slim ma, mai koran alfadarai wanda kowa ke girmamawa, ya yi mamakin ganin mutum biyu na tafiya tare. Wato zaman mutum shi kaɗai ya zama ƙa'ida har zumunci ne ke bukatar bayani.

Mafarkin ƴar gonar da abokan biyu ke maimaitawa, da zomayen da Lennie zai riƙa kiwo, sau da yawa ana karanta shi a matsayin tatsuniyar lallashin yaro. Amma Steinbeck ya sa masa farashi. Gonar dala 600 ce, su biyun kuwa dala 10 gare su. Sai tsoho Candy, mai sharar ɗakin kwana, ya ce zai zuba dala 350. Daga ina ya samu? Dala 250 daga ciki diyyar hannunsa ce da ya rasa a gandun. Hanya ɗaya da lebura ya taɓa riƙe kuɗin da za su kusantar da shi ga mallakar ƙasa ita ce rasa gaɓar da yake aiki da ita. Candy ya san abin da ke jiransa, don ya ga yadda aka yi da tsohon karensa: Carlson ya dame shi da cewa karen na wari kuma ba shi da sauran amfani, Slim ya goyi baya, aka fita da karen aka harbe shi, tsohon na kwance ya juya fuska ga bango. Ba wanda ya yi masa mugunta da gangan. Lissafin gandun ne ya shiga kan leburan har suke auna junansu da shi.

Sashe na huɗu na littafin shi ne ya fi dacewa da batunmu, kuma a ganinmu ya fi kowane sashe ƙarfi. Daren Asabar ne, masu lafiya sun tafi gari, an bar mutum huɗu: Lennie, Candy, Crooks da matar Curley. Crooks baƙar fata ne mai kula da barga, doki ya taɓa harbinsa ya karkata masa baya, ba a yarda ya shiga ɗakin kwanan fararen ba, yana zaune shi kaɗai a ɗakin kayan dawaki da ƴan littattafansa, ciki har da tsohon kundin dokokin jihar na 1905. Da Lennie ya shigo masa, me ya fara yi? Ya shiga tsorata shi da cewa mai yiwuwa George ba zai dawo ba, yana jin daɗin ganin firgicin ƙaton. Mutumin da kowa ke takawa ya samu wanda shi ma zai taka. Can daga baya zuciyarsa ta yi laushi, har ya nemi a tafi da shi gonar ya yi aiki ko ba lada. Sai matar Curley ta shigo. Ita ma fursuna ce a gidan ɗan mai gandu, ba ta da abokin hira, marubucin ko suna bai ba ta ba. Da Crooks ya ɗaga murya ya ce ta fita, sai ta tuna masa cewa kalma ɗaya daga bakinta ta isa a rataye shi a bishiya. Nan take ya shanye, ya koma amsawa da ladabi, kafin a watse ya janye maganar zuwa gonar.

Abin lura shi ne mai gandun ba ya wurin, sau ɗaya ma ya bayyana a duk littafin. Ikonsa ba ya bukatar ya tsaya a kansu. Kowane daga cikin huɗun yana da ɗan guntun makami, na launin fata, ko na jinsi, ko na ƙarfin jiki, ko na wayo, kuma ƙasa yake saukar da shi, kan wanda ya fi shi rauni. Shi ya sa ƴar ƙungiyar da ta fara haɗuwa a ɗakin Crooks ba ta kai safiya ba. Ƙarshen labarin sananne ne: Lennie ya kashe matar Curley ba da nufi ba, George ya riga masu farauta isa gare shi ya harbe shi da bindigar da aka harbe karen. Steinbeck bai rufe littafin da baƙin cikin George ba, ya rufe shi da Carlson yana mamakin abin da ke damun George da Slim.

3. Daga Dakar zuwa Antibes

Wurin Sembène babu ɗakin kwanan lebura, babu ma abokin wahala. Diouana ƴar aiki ce a gidan wasu Turawa a Dakar, suka tafi da ita hutu Antibes, a kudancin Faransa. Labarin ya fara ne daga ƙarshe, da masu bincike a gidan da gawarta a ɗakin wanka, sannan ya koma baya. Sembène ya samo shi daga wani ɗan labari da ya faru a 1958.

Dalilin tafiya da ita lissafi ne tsantsa, kuma marubucin bai ɓoye ba. A hutun da ya gabata uwar gidan ta ɗauki ƴan aiki Faransawa, ta tarar ladansu da tsada, suna neman ranar hutu, suna kuma mayar mata da magana. Diouana kuwa sefa 3000 ce a wata, jika uku ke nan, ba ta san kowa ba a ƙasar, Faransancinta bai wuce na amsa kira ba. Rashin dangi da rashin harshe su ne ainihin abin da aka saya. A Dakar, in ta tashi aiki tana da unguwa, tana da masu jin yarenta. A Antibes aikin kuku da na mai wanki da na mai raino duk sun dawo kanta, har ana yawo da ita gidajen ƴan uwa da abokai tana yi musu girki, ana nuna ta. Sunan labarin ma daga nan ya fito: ta tashi daga Diouana ta koma baƙar gidan wane, aka bar gurbin sunan mai ita da ɗigo uku.

Fim ɗin 1966, wanda Mbissine Thérèse Diop ta fito a matsayin Diouana, ya ƙara wani abu da ya dace a tsaya a kai. Mai kallo yana jin tunanin Diouana a cikin murya, cikakkun jimloli masu hankali da fushi, amma mutanen gidan ba sa jin komai sai amsar ladabi. Wasiƙa ta zo da sunan mahaifiyarta, maigidan ne ya karanta mata, ya kuma ɗauki alƙalami ya fara rubuta amsa da bakinta, yana cewa tana lafiya. Wannan ya zarce hana mutum magana, an karɓe maganar ne ana yi da sunansa. A cikin rubutaccen labarin ma haka abin ya ƙare, domin jarida ta taƙaita mutuwarta da cewa kewar gida ce ta kashe wata baƙa. Ɗalibin da ya rubuta cewa jigon labarin kewar gida ne, ya sani ya maimaita hukuncin jaridar ne, wanda Sembène ya rubuta labarin don ya rushe shi.

A nan ya kamata mu yi wata ƴar togaciya game da namu ƴan ci-ranin, don kada a ɗauko awon Steinbeck ko na Sembène a ɗora musu kai tsaye. Matasan Nijar da Jean Rouch ya bi zuwa Gwalkwas a Jaguar, da waɗanda ya ɗauka a Treichville ta Abijan a Moi, un Noir (1958), ba su sauka a wofi ba. Mai zuwa Kumasi ko Ankara yakan tarar da zango, da maigida mai saukar da baƙi, da masallaci, da ƴan garinsu. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Zango yana rage kaɗaici ƙwarai, ko da yake maigidan da ke saukar da kai shi ne kuma ke riƙe kuɗinka da asirinka. Abin da zango bai iya karewa ba shi ne ikon hukuma, kamar yadda korar baƙi daga Gana a 1969 da daga Nijeriya a 1983 suka nuna. Game da murya kuwa, Rouch ya bar Oumarou Ganda ya ɗora nasa bayanin a kan hotunan bayan an gama ɗauka, shi ya sa leburan Treichville ke ba da labarin kansa, ko da yake a ƙarƙashin sunan aro na wani ɗan wasan Amurka, Edward G. Robinson.

4. Tankin ruwa

Littafin Kanafani ya sha bamban da biyun farko ta fuska ɗaya: mutanensa ba su kai ga wurin aikin ba ma. Falasɗinawa uku ne, shekara 10 bayan korar 1948, sun haɗu a Basra suna neman mai tsallakar da su Kuwaiti, inda arzikin man fetur ke jan ma'aikata. Abu Ƙais dattijo ne da ya rasa itatuwan zaitun ɗinsa. As'ad saurayi ne da ya karɓi dinari 50 daga kawunsa, wanda ke son ya aurar masa da ƴarsa. Marwan ɗan shekara 16 ne, wansa da ke Kuwaiti ya yi aure ya daina aiko da kuɗi, ubansu kuma ya bar uwarsu ya auri wata mai gida. Kanafani ya ba kowannensu babinsa daban, kowa da tunaninsa, ta yadda ko bayan sun hau mota ɗaya mai karatu ya san abin da ke zuciyar kowane, su kuwa ba su san na juna ba.

Masu fasa-ƙwaurin mutane na Basra dinari 15 suke karɓa. Abul Khaizuran, direban motar tankin ruwa, ya yi musu rangwame. Dabararsa ita ce su zauna a sama a kan hanya, in an kusa shingen iyaka su shiga cikin tankin da ba ruwa ya rufe, na ƴan mintocin da zai sa hannu a takardu. Watan Agusta ne, ƙarfen tankin kamar tanda. A Safwan, ɓangaren Iraƙi, dabarar ta yi, suka fito a galabaice. A Mutla'a, ɓangaren Kuwaiti, ma'aikatan ofis da ke zaune cikin sanyin na'ura suka riƙe direban da zolaya kan wata mai rawa a Basra da aka ce yana nema. Zolayar tana da ɗaci biyu, domin mai karatu ya riga ya san raunin da direban ya samu a yaƙin 1948 ya raba shi da mazakutarsa. Da ya buɗe tankin, duka ukun sun mutu. Da dare ya zubar da gawarwakin a jujin birni, ya juya zai tafi, ya dawo ya kwashe kuɗin aljihunsu da agogon Marwan.

Masu sharhi da dama sun karanta littafin a matsayin misali na siyasa, direban ya zama hoton shugabancin da ya gaza, tankin kuma hoton halin da Falasɗinawa suka shiga. Karatun yana da tushe. Amma bai kamata ya rufe mana ido ga abin da ke fili ba, wato labarin mutum uku da ke neman aiki ba su da takarda. Mai karatu a Damagaram ba ya bukatar misali kafin ya gane shi: a watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92, galibi mata da yara daga yankin Kance, a hamadar arewacin Arlit, bayan motocin da ke kai su Aljeriya sun lalace.

Ikon da ke cikin wannan littafi ba shi da fuska ɗaya. Babu mai gandu, babu uwar gida. Akwai iyaka, da hatimi, da ma'aikacin da ke da lokacin wasa, da direban da shi ma ɗan gudun hijira ne mai neman tara kuɗi. Matsayin Abul Khaizuran ya yi kama da na matar Curley: wanda aka raunata ne, yana tsaye tsakanin masu iko na gaske da waɗanda ba su da komai, kuma ta hannunsa ɓarnar ke sauka. Littafin ya ƙare yana tambayar hamada dalilin da ya sa mutanen ba su buga bangon tankin ba. Tambayar ta jawo muhawara mai tsawo, amma a tuna daga bakin wa ta fito: wanda ya rufe murfin, ya kuma kwashe aljihun, shi ne ke ɗora wa matattu laifin shirunsu. Mutumin da ba shi da takarda ya san in ya buga aka ji, kurkuku ne ko a mai da shi inda ya fito, da bashin dinari 50 a wuyansa. Tsarin tafiyar ya riga ya sa shiru ya zama sharaɗin isa.

Da Tawfiƙ Salih, ɗan Masar, ya mai da littafin fim a Siriya a 1972 da sunan Al-Makhdu'un, wato waɗanda aka yaudara, sai ya sauya wannan wuri. A fim ɗin mutanen suna buga tankin, suna ta bugawa. Motar tana tsaye a rana a farfajiyar da ba kowa, tagogin ofis a rufe, na'urorin sanyaya ɗaki na ruri, ma'aikatan na ciki suna dariya da direban kan mai rawar Basra.